Macijin da Celso Bai Ƙarasa Ba

Litinin, 9 ga Maris, da safe

Iska tun asuba. Ta ɗauke bokitin bakin ƙofa ta mirgina shi har gindin katangar coci, sai da na bi shi ina dafe da ɗankwali.

'Yata Delfina ta koma Santa Fe da kayan babanta: rigunan barci, reza, tabarau. Ta ce in ba ta takalmansa. Na ce wanne? Ta ce, "Kowanne, Mama." Na ba ta na zuwa coci. Ta riƙe su a hannu tana kallonsu.

Tun ranar Alhamis mijina Celso yake asibiti a can Santa Fe, ɓarin jikinsa ya shanye. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kwana a gidan nan babu shi ba, sai shekarar da aka kwashe mazan ƙauye zuwa kashe gobarar daji. A lokacin ma ya dawo kafin burodin da na gasa ya ƙare.

Tulun da yake yi wa zane yana kan tebur inda ya bar shi. Na juya fuskarsa bango.

Talata, 10 ga Maris, da yamma

Iska. Waya ba ta yi ƙara ba.

Laraba, 11 ga Maris, da la'asar

Na je. Delfina ce ta zo ta ɗauke ni zuwa asibitin.

Ɗakin mutum biyu ne, nasa gadon ta wajen taga. Ya gan ni. Na san ya gan ni, don idonsa ya biyo ni tun daga ƙofa har bakin gado. Na ce, "Tsoho, ka ba mu tsoro." Sai ya sa hannun hagu ya jawo bargo ya rufe ɗayan hannun, ya juya fuska bango.

Gashinsa a warware yake a kan matashi, duk ya cukurkuɗe. Ni nake taje masa shi kullum da safe in ɗaure, tun yana baƙi wuluk har ya zama yadda yake yanzu. Na miƙa hannu zan tattara. Ya yi wani sauti. Ba zan rubuta irinsa ba. Nas ta shigo da sauri ta ce mu ba shi wuri ya huta.

A baranda Delfina ta ce, "Likita ya ce magana tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa."

Na ce, "Hannun fa?"

Ta ce, "Mama, ki bari tukuna."

A hanya ta kunna rediyo. Na gode mata a zuciyata.

Alhamis, 12 ga Maris, da hantsi

Na tace yumɓun da ya jiƙu, na kwaɓa shi da farin yashi. Ƙafa na sa, don hannuna bai da ƙarfi yau. Abin da ya rage a buhu shi ne wanda ni da Celso muka haƙo a lokacin kaka. Shi ya yi haƙa, ni na yayyafa garin masara na yi godiya, muka ci tortiya, wainar masara, a bayan mota. Zai kai ni bazara in na yi tattali.

Na gina kwanuka biyu ƙanana. Hannu ya san aikinsa, ba ya tambayata komai. A mulmula, a ɗora, a matse, a bi da sakaina. Sai da na ga rana ta bar taga na tuna ban karya ba.

Asabar, 14 ga Maris, da azahar

Yau maza ke share magudanar ruwan gonaki. Tun jiya mai shela ya zagaya. Da safe na ji su suna wucewa da shebur a kafaɗa, suna tsokanar juna. Da suka zo daidai ƙofarmu sai suka yi shiru, suka wuce, can gaba suka ci gaba. Gara da sun yi ta dariyarsu.

Sheburinsa na jingine a rumfa.

Ko'o Petra, yayar Celso, ta shigo ba sallama kamar kullum, da burodin tanderu a ƙarƙashin mayafi.

Ta ce, "Ke Nestora, rasuwa aka yi a gidan nan ba a gaya mini ba?"

Na ce, "Ko'o, wace irin magana ce wannan?"

"To buɗe labulen nan. Ni na binne miji, na san kamannin gidan makoki. Naki mijin yana can yana cin abincin gwamnati ana yi masa wanka." Ta yaye labulen da kanta, ta leƙa tukunyar gahawa, ta yi tsaki. "Wannan ta yaushe ce? Ko akuya ba za ta sha ba."

Ta zauna sai da ta ga na cinye rabin burodin. Idonta ya kai kan tulun, ta dube shi, ta dube ni. Ita da ba ta iya riƙe magana, wannan karon ta riƙe.

Lahadi, 15 ga Maris, bayan coci

Fada ya ambaci sunansa a cikin marasa lafiya. Mata suka yi ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa. Kowa na tambaya yaya jikin nasa, ina cewa da sauƙi. Na faɗa har bakina ya gaji.

Delfina ta bugo. Ta ce sun fara zaunar da shi a kujera. Ta ce ya sha kunu da kansa, da hagu. Na ce gobe zan nemi mai kai ni.

Ta ce, "Mama, ki ɗan dakata. Duk sa'ad da na ambace ki sai hankalinsa ya tashi. Jininsa ya hau ranar Laraba bayan kin tafi."

Na ce to.

Ta ce, "Ba wai ba ya son ganinki ba ne."

Na ce na sani. Na ce tukunya na kan wuta. Ba komai a kan wuta.

Talata, 17 ga Maris, da safe

Kwanukan sun bushe. Na kankare su, na shafa ruwan jar ƙasa, na bi da ɗan kitse, na zauna guga da dutsen kakata. Guga ba ta son a tashi. In ka fara sai ka kai ƙarshe, in ba haka ba wurin da ka tsaya zai nuna har abada. Shi ya sa nake sonta a kwanakin nan.

Da na gama na farko, na ga fuskata a jikinsa, sai na tura shi gefen Celso na tebur, na ɗauki na biyu. Haka muke yi tun farko. Ni gini da guga, shi zane. Ina turawa, yana jawowa ba tare da ya ɗago kai ba, ya jujjuya abin a tafin hannu ya ce, "Wannan fuka-fuki take so," ko, "Wannan ruwa take nema." Ban taɓa yi masa gardama ba.

Kwanon na nan inda na tura shi.

Laraba, 18 ga Maris, da yamma

Iska. Na gina wata tukunya. Na tura.

Juma'a, 20 ga Maris, da la'asar

Na manta ban cire allon tallan tukwane da ke taga ba, sai ga baƙi, mata da miji, Turawa daga can gabas, da kyamara a wuya. Sauran tukwane uku na bara a kan kanta. Matar ta ɗauki ɗaya ta kifa, ta karanta sunayen da ke gindi. Ta ce ni ce Nestora? Na ce ni ce. Ta ce Celso fa, yana nan? Suna so su ɗauke mu hoto tare.

Na ce ya fita.

Ta ce za su iya jira.

Na ce zai daɗe.

Suna tafiya na cire allon. Daga nan na kifa kwanukan da na gina makon nan. Duk na rubuta sunayenmu biyu a gindinsu tun suna ɗanye. Ban ma san lokacin da na yi ba.

Asabar, 21 ga Maris, da magariba

Ko'o Petra ta je ta gan shi. Da tsohuwar motarta ta je, ita kaɗai, ita da idonta ɗaya ne ke gani sosai. Ta biyo ta nan ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Ƙanena yana nan da halinsa. Na ce masa, kai Celso, kunyar wa kake ji? Matar da ta ga tsiraicinka tun kana da haƙora? Ni da na wanke maka kashi kana jariri, ni ma za ka juya mini baya?"

Na ce, "Ko'o, ba ki faɗa masa haka ba."

"Na faɗa, har maƙwabcin gadonsa ya yi dariya. Kin san abin da ya yi? Cokali ya jefe ni da shi." Ta nuna mini kafaɗarta. "Nan ya same ni. Hagun nan tana da saiti."

Na yi dariya. Rabona da dariya tun kafin ranar da aka kai shi asibiti. Sai dariyar ta juye ta zama wani abu, Ko'o ta tashi ta shiga wanke kofunan da suke a wanke.

Da za ta fita ta ce, "Girman kai ne. Babanmu ma haka ya yi da idonsa ya mutu, wata guda bai fito tsakar gida ba."

Na ce, "Ya tambaye ni?"

Ta ce, "Da wane bakin?"

Litinin, 23 ga Maris, da safe

Sanyi ya sauko jiya ya ƙone furen itacen afirkot. Bana ma ba zai yi 'ya'ya ba.

Gefensa na tebur ya cika. Na fara jerawa a kan kujerarsa.

Laraba, 25 ga Maris, da hantsi

Waya ta yi ƙara, na taso da gudu hannuna duk yumɓu. Wani ne yake neman gidan mai gyaran taya.

Lahadi, 29 ga Maris, da la'asar

Delfina ta zo da kaza gasasshiya daga kanti. Tun da na ga ta zauna ba ta cire jaka daga kafaɗa ba na san da magana.

Ta ce asibiti za su sallame shi nan da mako biyu. Ta ce ta gyara ɗakin ƙasa a gidanta na Albuquerque, akwai wurin gashin ƙashi kusa, mijinta ya yarda.

Na ce, "Gidansa fa?"

"Mama, dubi gidan nan. Wa zai ɗaga shi? Ke da gwiwar nan taki? In ya faɗi da rana tsaka kowa na gona fa?"

"A nan aka binne cibiyarsa."

"Na sani. Ni ma a nan aka binne tawa." Ta share ido da bayan hannu. "Ki zo ke ma. Ɗakin zai ɗauke ku. Ki huta da tukwanen nan haka, kin yi mai isarki."

Na ce a gidanta ina zan hura wutar gasa tukwane, a kan ciyawar maƙwabta? Na ce wasu maganganu kuma. Ita ma ta ce. Ta ce ita ce ke kwana a kujerar asibiti, ita ce ke goge masa baki, ni ina nan ina shafa tukwane. Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu.

Can ta ce, a hankali, "Na tambaye shi, Mama. Na ce, Baba, gida? Bai motsa ba. Na ce, wurina? Ya gyaɗa kai."

Kazar na nan a cikin takardarta.

Litinin, 30 ga Maris, da safe

Ya gyaɗa kai.

Talata, 31 ga Maris

Ban tashi da wuri ba. Ba abin da zan rubuta.

Laraba, 1 ga Afrilu, da azahar

Na yanko ganyen yuka a bayan gida, wanda Celso ke yin burushin zane da shi. Na tauna bakinsa kamar yadda yake yi har zaren ya fito. Ɗaci kamar me. Shekara da shekaru yana tauna abin nan bai taɓa ce mini da ɗaci ba.

Kunun yumɓun da yake zane da shi ya bushe a gwangwani, na zuba ruwa na dama. Na kwashe tukwanen da ke kujerarsa, amma ban zauna a kai ba, na jawo tawa.

Na ɗauki kwano mafi ƙanƙanta. Na ce macijin ruwa mai ƙaho zan yi, tunda na ga ana yinsa sau ba adadi. Ashe gani daban. Shi ba ya aunawa, yana farawa daga kai ya zagaya, wutsiya ta zo ta tsaya daidai bakin harshe kamar da ma can a nan take. Nawa ya zagayo ya wuce kan da tazarar yatsa biyu, ya hau sama. Cikinsa wani wuri ƙato, wani wuri kamar zare. Ƙahon ya yi kama da kunnen jaki.

Ba a gogewa. In aka goge, gugar ta lalace.

Na yi fuka-fuki a wasu biyu. Sauran na bar su haka, ba zane.

Juma'a, 3 ga Afrilu, da yamma

Iska. Delfina ba ta bugo ba. Ni ma ban buga ba.

Na jera itacen sida da kandilo a rumfa, na daka kashin doki na tankaɗe. Duk shi ya tara su tun kaka. In iska ta kwanta zan gasa. Ban taɓa gasawa babu shi ba.

Litinin, 6 ga Afrilu, da hantsi

Na farka na ji shiru. Na fita na tsaya, ko ganye ba ya motsi. Na je na buga wa Ko'o Petra taga.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Iska."

Ta fito da rigar barci a ƙarƙashin kwat.

Muka ɗora ragar ƙarfe a kan gwangwanaye, muka kifa tukwanen. Da muka gama jerawa sai na koma ciki na ɗauko tulun. Ko'o ta ga gabansa a karon farko. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Haka za ki sa shi?"

Na ce, "Haka."

"Ba za ki ƙarasa masa ba?"

"Ba nawa ba ne."

Muka rufe da fallayen kwanon rufi, muka jera kandilo, na cusa sida a ƙasa na kunna. Celso ne mai sanin lokaci. Yakan leƙa ta kafa ya ga launin tukwanen ya ce yanzu. Na leƙa, na sake leƙawa. Ko'o na cewa, "Ke, za su narke." Ina cewa saura. Muka ji fas a ciki, ɗaya ta fashe. Ko'o ta yi alamar gicciye. Da na ga sun yi ja irin na cikin kankana na ce yanzu, muka yi ta zuba garin kashin doki da shebur har wutar ta mutu, hayaƙi ya koma ciki. Muka zauna a kan bulo muna wari, tana ba ni labarin yadda Celso yana yaro ya saci kankanar Fadan coci aka kama shi da ita a cikin riga.

Da muka tone, kwano ɗaya ya tafi, ya ɗan ci gefen na kusa da shi. Sauran sun fito baƙi ƙirin. Na goge tokar da tsumma.

Tulun ya fito lafiya. Ban taɓa yin guga mai kyan wannan ba. Kan macijin na nan, da ƙaho, da harshen walƙiya, da rabin jiki yana hawa yana sauka. Daga nan sai layi ɗaya ya zarce ƙasa, a karkace, har gindi.

Ranar da abin ya same shi ina zaune a ƙasa ina kwaɓa yumɓu, shi yana kan tebur. Na ji burushi ya faɗi. Na ce, "Ka yar da abinka." Bai amsa ba. Na ɗago.

Iya nan zan rubuta.

Laraba, 8 ga Afrilu, da yamma

Ranar Asabar za su tafi da shi. Delfina ta bugo ta faɗa, muryarta kamar mai karanta sanarwa. Ta ce in haɗa masa kayan sanyi.

Na haɗa. Na kwance. Na sake haɗawa.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da magariba

Da safe na je na ce wa Ko'o ta kai ni.

Ta ce, "Yarinyar ta sani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Madalla. Ɗauko mayafinki."

Yadda muka isa Santa Fe da rai, Allah kaɗai ya sani. Duk motar da ta yi mana hon sai Ko'o ta ɗaga mata hannu, wai gaisuwa ce. Ta ce za ta jira a baranda, in ya yi jifa in kira ta.

Yana zaune a keken marasa lafiya, fuskarsa na taga. Ya rame. An ɗaure masa gashi da robar da ake ɗaure takardu. Da ya gan ni hannun hagu ya tafi neman bargo.

Na ce, "Rufe. In ka gama rufewa ina nan."

Ya juya kai. Na ajiye jakata a gado, na ciro mataji, na tsaya a bayansa. Ya yi sautin nan. Nas ta leƙo, na ce mata ba komai, mijina ne. Na tsinke robar. Na fara daga ƙasa kamar kullum, ina warware ƙullin da yatsa. Wuyansa ya yi tauri kamar itace. Na yi ta ba shi labari. Na ce sanyi ya cinye afirkot. An saki ruwa a magudana. Na gasa tukwane ranar Litinin, ɗaya ta fashe. Da na faɗi wannan sai na ga kunnensa ya motsa.

Na ɗaure gashin da jan zaren da na zo da shi. Sannan na ciro ƙaramin kwanon na ɗora masa a cinya.

Ya daɗe bai duba ba. Da ya duba, ya sa hagu ya ɗauka, ya kawo kusa da ido, ya jujjuya shi a kan gwiwa. Ya bi macijin da babban yatsa tun daga kai, ya zagayo, ya zo inda wutsiya ta wuce ta hau sama. Ya tsaya. Ya sake zagayowa. Bakinsa ya yi ta aiki, gefe ɗaya na rawa, har gumi ya fito masa a goshi.

Ya ce, "Ta... na."

Na ce, "Me?"

"Tana."

Na ce, "Tana? Macijin nawa ne tana? Wuni guda na yi a kansa, tsohon banza."

Kafaɗarsa ta fara girgiza. Na ɗauka dariya ce, kuma da farko dariyar ce. Na durƙusa, gwiwar ma ban ji ta ba, na ɗaga bargon na ciro hannun. Ya yi sanyi, ya yi nauyi, yatsun sun lanƙwashe. Ya so ya janye, ba shi da abin janyewa. Na riƙe shi a ƙirjina har ya gama.

Ban ce masa ya dawo gida ba. Na yi niyya, ban faɗa ba. Da za mu tafi na miƙa hannu zan ɗauki kwanon, ya danne shi da hagu.

A mota Ko'o ta ce, "To?"

Na ce, "Ya ce zanena tana ne."

Ta ce, "Ai bai yi ƙarya ba."

Juma'a, 10 ga Afrilu, da yamma

Na kai jakar kayansa gidan Ko'o, ɗanta zai wuce da ita gobe. Na share gida. Na dafa wake, ya yi yawa.

Asabar, 11 ga Afrilu, da la'asar

Ina rumfa ina tace yumɓu na ji mota ta tsaya. Ban tashi ba, na ɗauka baƙi ne. Sai na ji muryar Delfina, "Mama! Mama, fito."

Idonta jawur. Ta ce, "Tun daga ƙofar asibiti yake dukan gilashi. Na kama hanyar kudu zuwa gidana, ya kama sitiyari. Saura kaɗan ya jefa mu rami. Na tsaya na ce, Baba, me kake so? Ya nuna arewa, hanyar nan gida. Na ce ba haka muka yi da kai ba. Ya yi ta nunawa." Ta jefa mini makullin mota a cinya kamar ni ce mai tuƙi. "Ga shi nan. Ku biyun duk ɗaya kuke."

Yana zaune a gaba, bai dube ni ba, gidan yake kallo.

Maza biyu daga maƙwabta suka ɗauko shi suka shigo da shi. Bai so suka gan shi haka ba, ya rufe ido har suka ajiye shi. Ko'o ta zo tana ba da umarnin da ba wanda ya bi. Delfina ta jera magunguna a kan kanta, ta nuna mini yadda ake juya shi, yadda ake sa hannu a ƙarƙashin hammata. Na gwada, ban iya ba. Ta sake nunawa. Ta ce za ta kwana biyu, ranar Litinin dole ta koma aiki. A kicin ta rungume ni ta baya, muka tsaya haka, ba wadda ta ba wa wata haƙuri.

Talata, 14 ga Afrilu, da safe

Delfina ta tafi jiya. Ko'o za ta riƙa zuwa da rana, ɗanta da yamma.

Ba sauƙi. Jiya ya ɓata shimfiɗa, ya ƙi kallona har dare. Abinci rabi a baki, rabi a riga. Na ɗaga shi daga gado sai da muka kusa zubewa mu biyu, bayana har yanzu yana gaya mini. Ya sa na juya kekensa ya ba tebur baya. Tun kalmar nan ta asibiti bai ƙara wata ba. Wani lokaci ina zaune kusa da shi, kewarsa nake ji kamar yana Santa Fe.

Iska ta dawo. Yumɓun da na tace ranar Asabar yana nan a rufe, ban san ranar da zan taɓa shi ba.

Ya farka. Yana kira daga ɗaki. Ba sunana yake faɗa ba, ba sunan kowa ba ne, amma ni yake kira.